Kaduna garin bariki: hirata da tsoffin sojoji kan shiga faɗan ƙasar wasu

Ɗaurin auren wani abokina ne ya kai ni Kaduna, amma ba labarin biki zan ba ku ba, biki dai biki ne, an ɗaura an ci shinkafa an yi hotuna an watse. Abin da ya zaunar da ni rubutun nan wata hira ce da ta biyo ni tun daga cikin mota har gidan Kawuna, ƙanin mahaifiyata, tsohon soja da ya ajiye kaki yana samanja, yanzu yana Kawo yana kiwon kaji da jiran alat ɗin fansho. Duk inda na zauna maganar ɗaya ce, wai yaushe ya dace ƙasa ta kwashi sojojinta ta tura su faɗan da ba a gidanta ake yi ba.

A Na'ibawa na hau Sharon. Har muka wuce Kwanar Ɗangora motar tsit, kowa ya sunkuya yana latsa waya, sai da muka bar Kwangila muka miƙi hanyar Kaduna direba ya murɗa rediyo, ana maganar ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS wadda ta tabbata a Janairun 2025. Wani dattijo da muke matse da shi a kujerar tsakiya ya ja tsaki mai tsawo. Ashe mutumin Maraɗi ne, dillalin albasa.

"Kwana bakwai anka ba mu," in ji shi, "wai in ba a maida Bazoum ba a kawo muna yaƙi. To ni uwata 'yar Jibiya ce, ɗiyata tana aure Katsina, bam ɗin da za a sako daga bisa ya san wane na Nijar wane na Najeriya?"

Wani saurayi a baya, da jakar kwamfuta a cinya, ya ce Baba ka yi haƙuri amma in aka bar kowane soja ya tashi da asuba ya kulle shugaban da mutane suka zaɓa, gobe wa ya tsira? Dattijon ko waiwayawa bai yi ba, ya ce ɗana, ka taɓa ganin tirelar albasa ta ruɓe a boda? Ka taɓa jin warinta?

Kun dai tuna yadda aka yi. Ranar 26 ga Yulin 2023 masu gadin fadar shugaban ƙasa suka tsare Bazoum, Janar Tchiani ya hau, ranar 30 ga wata shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja, lokacin Tinubu ne shugaban ƙungiyar, suka ba da wa'adin mako ɗaya, aka rufe boda, aka yanke wutar da Najeriya ke ba su. Arewa kuwa ta ɗau zafi, masallatai da majalisu da gidajen rediyo ba a maganar komai sai wannan, Majalisar Dattawa ta ce a bi hanyar sulhu, aka tura Abdulsalami da Sarkin Musulmi, Sanusi ya je da kansa ya ga Tchiani, malamai ma suka je. Jihohi bakwai ne ke kan iyakar nan, daga Kebbi har Borno, kilomita wajen 1,500. Yaƙin dai ba a yi ba, bodar ma sai a Maris ɗin 2024 aka buɗe. Saurayin nan da dattijon suna ta wannan musun har direba ya rage gudu a Jaji.

Ban san sau nawa na wuce Jaji ina sayen gasasshiyar masara ta taga ba tare da na damu da abin da ke bayan katangar ba. Nan ne kwalejin manyan hafsoshi take tun 1976, nan ne kuma cibiyar horas da sojojin kiyaye zaman lafiya wadda aka sa wa sunan Janar Martin Luther Agwai, kuma bataliyar da za a tura ƙasar waje nan ake kawo ta a yi mata horon ƙarshe kafin ta hau jirgi. Wato abin da muke musu a kai a cikin mota, ga 'ya'yan mutanen da ake aika su can a bayan waya suna fareti. Muka wuce Birnin Yero da Mararrabar Jos da Rigachikun, na sauka ƙarƙashin gadar Kawo ana kiran la'asar.

Kawu na zaune a ƙofar gida kan benci da rediyonsa. Bayan gaisuwa da tambayar mutan gida na ba shi labarin musun mota, ya yi dariya ya ce ai ka zo garin da ya dace. Ya nuna min wajen barikin Dalet da baki, ya ce ka san daga ina sunan nan ya zo? Daga Bama ne, ba Bamar Borno ba, ta can Asiya wadda yanzu ake ce wa Myanmar. Haka Kalapanzin da ke Kakuri. Wurare ne da kakanninmu suka yi yaƙi da Japanawa a yaƙin duniya na biyu a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, Bature na ba da oda, da Hausa ake isar da ita. Unguwar Mogadishu da ke cikin gari ma sunan babban birnin Somaliya ne, wanda sojojin Najeriya suka shiga a 1941 suna korar Italiyawa. Ya ce wancan karon ba wanda ya tambayi ra'ayinmu, an dai zo an ce wa sarakuna a kawo samari. Amma daga 1960 zuwa yau mu muke zaɓa da kanmu, Kwango, Tanganyika, Lebanon, Chadi, Laberiya, Saliyo, Darfur, Mali, Gambiya, ya lissafo su yana lanƙwasa yatsu har hannu ɗaya ya ƙare ya kama ɗayan.

Bayan isha'i Hajiya ta kawo tuwon shinkafa da miyar taushe, muka ci, sai ya shiga ɗaki ya fito da wata tsohuwar adakar ƙarfe koriya duk ta yi tsatsa a gefe. A ciki akwai hular soja da ƙwari suka fara ci, lambar girma guda biyu a ƙulle cikin leda, hoto ya dushe shi da wasu samari tsaye gaban wata motar sulke kowa ƙashin wuya a waje, sai takardun kuɗi biyu na dala biyar-biyar na Laberiya da ya miƙo min ya ce duba da kyau. Ɗaya da hoton wani dattijo, ɗaya da tambarin ƙasa. Ya ce wannan mai hoton ita ake karɓa a yankin madugun 'yan tawaye Charles Taylor, wannan kuma a Monrobiya, ƙasa ɗaya kuɗi biyu, in aka kama ka da wadda ba ta yankin ba a shingen 'yan tawaye kana iya rasa ranka a kanta.

A watan Agustan 1990 suka sauka a tashar jiragen ruwa ta Monrobiya, su da sojojin Ghana da Gini da Saliyo da Gambiya, shi ne ECOMOG, rundunar da ECOWAS ta tura. Taylor ya fara yaƙinsa tun ƙarshen Disambar 1989, kafin su isa gari ya zama mahauta, sojojin shugaban ƙasa Samuel Doe sun shiga wani cocin Lutheran a ƙarshen Yuli sun kashe wajen mutum 600 da suka fake a ciki, mutanen Taylor kuma suna farautar 'yan ƙabilar Doe da Mandingo, ga dubban 'yan Najeriya da 'yan Ghana sun maƙale. Amurka wadda Laberiya ke ɗauka uwa, jiragenta na ruwa suna nan a bakin teku, ta kwashe nata mutanen da sauran baƙi ta ja gefe, hankalinta ya koma Kuwait da Saddam ya mamaye a farkon Agustan. Na ce Kawu amma ai ana cewa Babangida don abokinsa Doe ya tura ku. Ya ce ƙila, ni ba na cikin zuciyarsa, amma in don Doe ne to an yi asara, don a hedikwatarmu wani madugun 'yan tawaye, Prince Johnson, ya zo ya kama shi a watan Satumba ya tafi da shi ya kashe, abin kunyar da ya sa aka kawo Janar Dogonyaro ya karɓi ragamar fagen daga.

Sai ya faɗi maganar da ta fi tsaya min. Ya ce ɗana, in kana so ka san ko zuwanka daidai ne, ranar da ka sauka ka dubi ƙafafun mutane. Mu da muka sauka, ana harbinmu daga nesa amma mutanen gari wajenmu suke gudowa, mata da goyo, tsofaffi a baro, yara cikinsu ya kumbura, mutum ya kama maka wando ya ƙi saki, shinkafar da aka ba mu ta sati a kwana biyu muka rabar. In wajenka ake gudowa ka zo daidai. In kuwa gudunka ake yi, ko an tsaya ana kallonka ba ko sannu, to tattara komatsanka. Ya ce yanzu ka gaya min, da mun shiga Ƙonni ko Maraɗi a 2023, ina ƙafafun za su nufa? Mutanen da suka cika filin wasa na Seyni Kountché a Yamai ranar da wa'adi ya cika suna zagin ECOWAS?

Muna cikin haka maƙwabcinsa ya fito shan iska, wani lauya ne, kowa Barista yake ce masa, da ganin yadda ya jawo kujera ka san sun saba wannan musun. Ya ce Samanja ma'auninka yana da kyau amma na rana ɗaya ne. Mutanen Bangazi ta Libiya ma a 2011 murna suka yi da jiragen NATO, ka je ka tambaye su yau.

Shi ne ya warware min ɓangaren doka, kuma gaskiya ya iya bayani ba irin na kotu ba. Ya ce yarjejeniyar kafa Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1945 ta hana ƙasa ta afka wa wata ƙasa, sai in kare kanta take yi, wannan sashe na 51 ke nan, ko kuma Kwamitin Sulhu ya ba da izini a ƙarƙashin babi na 7, sai kuma in gwamnatin ƙasar ce da kanta ta ce zo ka taimake ni. Matsalar ita ce Kwamitin nan ƙasashe biyar ne ke da kujerar na-ƙi, Amurka, Rasha, Sin, Birtaniya, Faransa, in mai kisan yaron ɗaya daga cikinsu ne to ko za a ƙarar da gari ba izinin da zai fito. ECOMOG ma ba ta jira izini ba, sai da aka shiga Majalisar ta sa albarka daga baya. Ya ce shi ya sa da aka zo kafa Tarayyar Afirka, a dokar da aka sa wa hannu a Lome a 2000 aka rubuta cewa ƙungiyar tana da ikon shiga ƙasa in ana kisan ƙare dangi ko laifukan yaƙi, sannan a 2005 shugabannin duniya suka amince cewa gwamnatin da ta kasa kare mutanenta daga irin wannan ko ita ce ma ke kashe su, ba za ta fake da 'yancin kai ba. A takarda ka ji daɗi.

Sai Libiya. Nan Barista ya ɗaga murya har Hajiya ta leƙo. Ya ce mutane suna zagin Turawa kan Gaddafi, sun manta ranar 17 ga Maris 2011 da aka kaɗa ƙuri'a kan ƙuduri mai lamba 1973 Najeriya tana cikin Kwamitin, kuma e ta ce, ita da Afirka ta Kudu da Gabon. Izinin da aka bayar na kare farar hula ne, aka ɗauke shi aka yi aikin kifar da gwamnati da shi, Tarayyar Afirka tana ta kawo shawarar sulhu ba mai saurare, a Oktoba aka kashe Gaddafi a Sirte kowa ya kaɗe rigarsa ya tafi, rumbunan makamai a buɗe. Shekara ba ta zagayo ba arewacin Mali ya faɗi. Obama da bakinsa a 2016 ya ce rashin shirya abin da zai biyo baya a Libiya shi ne kuskurensa mafi muni. Kawu ya ce gyaran gangar auzinawa ke nan, kuma wasu daga bindigogin nan sun gangaro har dazukanmu. Iraƙi kuwa ba su ma tsaya a kanta ba, 2003 aka ce akwai makaman ƙare dangi, aka shiga ba izini, aka duba ba a samu ba, Kofi Annan ya ce yaƙin ya saɓa doka, shi ke nan.

Na ce to Kawu ku ma ai haka, shekara bakwai kuna hana Taylor shiga fada, a 1997 aka yi zaɓe ya cinye da kashi 75 cikin ɗari kuna tsaye kuna gadin akwati. Ya yi shiru, ya ce wannan ta ci mana rai wallahi. Mutane sun zaɓe shi ne don tsoron in ya faɗi ya koma daji. Aka sake wani yaƙin, sai a 2003 aka lallaɓa shi aka kawo shi Kalaba, 2006 aka kama shi a Gamborun Ngala zai tsallake, yanzu yana ɗaurin shekara 50. Ya kuma ce kar ka ɗauka mu mala'iku ne, akwai waɗanda suka yi lodin kayan mutane a jirgin ruwa har 'yan Laberiya suka yi mana suna da shi, akwai waɗanda suka baro 'ya'ya a can ba su sake waiwaya ba. Obasanjo ya ce dala biliyan 8 ƙasar nan ta kashe a Laberiya da Saliyo, ga ɗaruruwan da ba su dawo ba. Amma duk da haka, in ji shi, ka je Monrobiya yau ka ce kai ɗan Najeriya ne ka ga tsofaffinsu.

Saliyo ce ta ba mu dariya, dariyar takaici. Abacha, soja, ga Abiola da ya ci zaɓe yana kulle a hannunsa, shi ne ya tura sojoji suka kori Johnny Paul Koroma da ya yi juyin mulki suka mayar da zaɓaɓɓen shugaba Tejan Kabbah a Maris 1998. Barista ya ce laifi tudu ne. Kawu ya ce haka ne, amma yarinyar da 'yan tawayen RUF ke shirin datse wa hannu ba ta tambayar wa ya aiko sojan da ya zo, ta zaɓe ne ko ta juyin mulki.

Washegari bayan ɗaurin aure, wanda aka yi a Unguwar Rimi, Kawu ya ce in raka shi ya gaida wani abokin aikinsa a Sabon Tasha. Muka hau keke ta Ali Akilu, muka wuce Unguwar Sarki da shataletalen Lugard Hall muka shiga Ahmadu Bello Way da go-sulonta na kasuwa, muka tsallaka gada. Duk wanda ya san Kaduna ya san abin da tsallaka gadar nan ke nufi tun rikicin 2000, Musulmi sun tattara arewa Kirista sun tattara kudu, mai keken ma sai da ya tambaya ko har ciki za mu shiga. Mutumin ɗan Kagoro ne, Kawu na ce masa Kofur duk da ya wuce wannan muƙamin tun tuni, shi kuma yana ce masa Oga Samanja, suka rungume juna suna zagin juna irin na bariki, matarsa ta kawo mana faten acca da zafinsa.

Shi Darfur ya yi. Ya ce yarona, an ce mu je mu yi gadin zaman lafiya, muka je muka tarar ba a haife shi ba tukuna. Yanki kusan girman Faransa, sojojin Tarayyar Afirka wajen 7,000, ba isassun jirage masu saukar ungulu, Janar Agwai ya yi ta roƙon duniya har ya gaji, alawus sai a yi watanni, oda kuma ita ce ka kalla ka rubuta rahoto. A ƙarshen Satumbar 2007 aka afka wa sansanin Haskanita aka kashe sojoji goma, bakwai 'yan Najeriya. Ra'ayinsa shi ne da a tura ka rabi da rabi gara a bar ka a gida, don mutane za su taru a gindinka suna zaton sun tsira, ranar da makasa suka zo kai ba ka da abin tare su. Haka aka yi a Srebrenica ta Bosniya a 1995, aka kashe maza da yara Musulmi wajen 8,000 a yankin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce amintacce ne.

Amma da na ce masa to ashe gara kowa ya zauna gidansa, sai ya harare ni. Ya ce Ruwanda fa? 1994, kwana ɗari, mutum wajen 800,000, yawanci da adda. Akwai sojojin Majalisar a ƙasar, maimakon a ƙara sai aka rage su zuwa 270, Najeriya tana Kwamitin Sulhu lokacin, Ibrahim Gambari yana cikin masu cewa a ƙara ƙarfi, manyan suka toshe kunne. Sojojin Ghana da suka ƙi tafiya sun ceci dubbai da ɗan abin da ke hannunsu. Ya ce duk wanda ya ce maka shiga faɗan wasu haramun ne ko ta halin ƙaƙa, ka ce ya je Kigali ya faɗa. Kawu ya karɓa da ayar nan ta Suratul Hujurat, cewa in ɓangarori biyu suna faɗa a sulhunta su, in ɗaya ya yi zalunci a yaƙe shi har ya dawo kan hanya, in ya dawo kuma a sulhunta su da adalci, ya ce ka lura da sulhu aka fara da sulhu aka rufe, yaƙin a tsakiya yake kuma yana da iyaka. Kofur ya ce Oga ka fara wa'azin naka ko, suka kwashe da dariya.

Wani abu da ban taɓa haɗawa ba sai a falon nan: mu ma an shigo mana. A farkon 2015 sojojin Chadi ne suka tsallako suka ƙwato Gamboru da Dikwa daga Boko Haram, a Maris kuma su da sojojin Nijar suka ƙwato Damasak. Sojojin Nijar ɗin da shekara takwas bayan nan ake shirin tura yaranmu su harba. Lokacin yaƙin basasa ma da Faransa ke mara wa Biyafara baya, shugaban Nijar na lokacin Diori Hamani bai juya mana baya ba. Sannan ga gidanmu, a Agustan 2021 'yan bindiga suka shiga har cikin makarantar horas da hafsoshi ta NDA a Afaka suka kashe hafsoshi biyu suka ɗauke ɗaya, a Maris 2022 aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, a Disambar 2023 jirgi maras matuƙi na sojanmu ya saki bam kan masu Mauludi a Tudun Biri nan Igabi bisa kuskure, mutum aƙalla 85. Kofur ya ce in a ƙaramar hukumar da hedikwatar runduna ta ɗaya ke maƙwabtaka da ita za a yi wannan kuskuren, ina ga ƙauyen da matuƙin bai taɓa jin sunansa ba?

Ni dai ga inda na tsaya, kuma ba dole kowa ya yarda ba. Rai ne ke halatta a tsallaka iyaka da bindiga, kujera ba ta isa ba. In ana yanka mutane ƙauye-ƙauye, gwamnatinsu ta kasa ko ita ce mai yankan, an gwada baki an gwada takunkumi ba a ji ba, to maƙwabta su shiga, da taron dangi ba ƙasa ɗaya ba, da cikakken shiri, kuma tun kafin a hau jirgi a san hannun wa za a damƙa wa ƙasar. Juyin mulki abin ƙi ne, tsare Bazoum da matarsa shekara da shekaru zalunci ne ƙarara, amma ba a kashe-kashe a titunan Yamai a lokacin, yaƙin ne zai kawo su, ga Mali da Burkina sun ce taɓa Nijar taɓa su ne, ga Aljeriya ta ƙi, ga ƙasar ta fi Najeriya faɗi. Na san za a ce min Gambiya fa, ai kujera ce kuma an yi nasara. Gaskiya ne, shugaba Jammeh ya sha kaye a zaɓen Disambar 2016 ya yarda ya dawo ya ce bai yarda ba, aka rantsar da Barrow da ya kayar da shi a ofishin jakadancinsu da ke Dakar, sojojin Senegal suka tsallaka, Najeriya ta tura jiragen yaƙi da jirgin ruwa, ranar 21 ga Janairun 2017 Jammeh ya hau jirgi ya tafi. Amma can 'yar ƙasa ce Senegal ta kewaye ta, mutane sun riga sun faɗi abin da suke so a akwati, babban hafsan sojansu ya ce ba zai sa yaransa su yi faɗa ba, an san ba jinin da zai zuba kafin a taka. Wanda ya auna Nijar da mudun Gambiya bai taɓa hawa mota daga Ƙonni zuwa Agadas ba.

A hanyar dawowa, muna cikin keke daidai Kakuri wajen tsoffin masaƙun da suka mutu, na ce Kawu to Sudan fa? Tun Afrilun 2023 ake yi, miliyoyi sun bar gidajensu, Darfur ɗin da Kofur ya yi gadi an koma gidan jiya har ya fi, ga Hausawa 'yan uwanmu jibge a can, da ma'auninka da na Barista da nawa duk ta cika sharaɗi. Ya ce ta cika har ta zuba. Na ce to me ya hana? Ya ce wa zai je? Masu kuɗin da za su biya su ne ke sayar wa ɓangarorin biyu makamai, masu sojan kuma kowa gidansa na ci da wuta, mu ɗalibanmu kawai muka iya kwasowa ta Masar. Ya ce da Janar zai kira ni yau ya ce Samanja me ka gani, tambayarsa zan yi jirgi nawa gare ka, asibiti nawa, albashin wata nawa ke ƙasa, matar wanda bai dawo ba wa zai riƙe ta, in ya amsa min waɗannan ni da kaina zan je Jaji in koya wa yaran yadda ake kafa shinge.

Da muka isa gida na tarar da wata sabuwa. Autansa, wanda ya gama sakandare bara, ashe ya cike fom ɗin shiga soja a intanet yana jiran a kira shi tantancewa ya tafi Depot Zariya, kuma Kawu ya sa masa hannu a takardar amincewar iyaye ba tare da ya gaya wa Hajiya ba, ranar ta gani a ƙarƙashin katifa. Ta ce ita ta yi zaman jiran miji shekara da shekaru tana kasa kunne a BBC da asuba ko za a ambaci Monrobiya, ba za ta sake na ɗa ba. Kawu ya ce yaro ya ce yana so, kuma wani ne zai tsare Birnin Gwari in kowa ya ɓoye nasa. Ta ce to ka je kai, tunda ka iya. Har na kama hanyar tasha da safe ba ta kula shi ba, kokonsa ma ƙanwar yaron ce ta kai masa.